Talata a Aboabo: tambaya ta tara

Tun da hantsi nake bin gidaje a unguwar Aboabo da ke Ghana da takardar jin ra'ayin jama'a, ina karantawa da Turanci ina mayar wa mutane da Hausa. Duk sauran tambayoyin sun tafi lami lafiya. Ta tara ce ta hana ni sukuni: kana goyon bayan jama'a su riƙa zaɓen shugaban ƙaramar hukuma a ƙarƙashin jam'iyyun siyasa? Eh ko a'a.

Na tarar da wata Hajiya mai koko tana kankare ƙasan tukunya. Ko gama karantawa ban yi ba ta ce, "Eh mana, ɗana, mu zaɓa da hannunmu. Wanda aka naɗo daga Accra, in kwata ta cika ruwa ya shigo mana ɗaki, kukan wa zai ji?" Har na ɗora biro, sai na maimaita mata ƙarshen a hankali, cewa manyan jam'iyyun ƙasar, NDC da NPP, kowa zai tsayar da nasa. Ta ajiye ludayin. "A'a, ban da wannan. Masallaci ɗaya muke, kada su raba mana unguwa."

To wanne zan rubuta? Amsa biyu ta ba ni, kowacce da dalilinta, gurbi kuwa ɗaya ne.

Abin ya tuna mini da 2019. Tsarin mulkin 1992 ya bar wa shugaban ƙasa naɗa waɗannan shugabanni, in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar yankin da suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Da aka sa ƙuri'ar raba gardama ranar 17 ga Disamba, mutane da yawa a Zango sun ɗauka za a tambaye su ne ko suna son zaɓen shugaban, alhali sashe na 55(3) ake son gyarawa, wanda ya hana jam'iyyu shiga zaɓen ƙananan hukumomi. Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya soke ƙuri'ar ana saura makonni biyu. Ga shi yau an sake ɗaure abubuwan nan biyu da igiya ɗaya.

Bayan la'asar na kira mai duba aikinmu na roƙe shi a raba tambayar gida biyu. Ya ce in karanta yadda aka rubuta, kada in ƙara bayani. Raina bai so ba, domin gobe za a ce kaza cikin ɗari sun amince, Hajiya tana ciki ba da saninta ba.

Na bar gurbin nata babu komai, na rubuta maganarta duka a gefen takarda. Gobe unguwar Sawaba za mu.