Yadda Muka Tayar da Honda 175 ɗin Baba

Kusan duk wanda na gaya wa ina so in tayar da babur ɗin mahaifinmu, shawara ɗaya yake ba ni: a sauke injin a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗora na Jincheng ko na Boxer, kwana biyu an gama. Har Yaya ma haka ya ce. Ni kuwa abin da nake nema shi ne ƙarar inji mai silinda biyu, wadda muke jiyowa tun daga bakin layi mu san Baba ya dawo daga ƙauye. Injin achaɓa ba zai ba ni ita ba.

Honda CD175 ne, wanda a nan aka fi sani da Honda 175. Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ƙarin albashi da ariyas suka sa ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo. Malamin gona ne a aikin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa, don haka babur ɗin ya san hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ya san Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara, rani da damina. Dama don irin wannan tafiya aka ƙera shi: kafireta ɗaya, giya huɗu, sarƙa a rufe cikin kwanonta don ƙura, madigadi masu zurfi, sit mai faɗi. Ba na tsere ba ne. Da gwiwar Baba ta daina yarda da buga kik, sai aka tura shi ɗakin ajiya bayan buhunan masara, ya kwashe sama da shekara ashirin a nan.

Akwai wani dattijon bakanike a Tudun Wada wanda ya koyi sana'a a kan irin waɗannan, abokin Baba ne, Baffa muke ce masa. Ya daina aiki, idonsa ma ya yi rauni, amma da na je gaishe shi na faɗa masa, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka buga masa kik?"

Na ce, "A'a Baffa, ku nake jira."

"Madalla. Kada ka bari kowa ya ɗora masa ƙafa. Zama ba ya kashe injin Honda, mai gaggawar jin ƙara ne yake kashe shi."

Dalilinsa ya fito fili da muka kwance fulogai. Fistin ya kama, ringi sun manne da bangon silinda saboda raɓar damina da ta riƙa shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe. Ƙato ya hau kik da ƙarfi a wannan hali, ringi ne za su karye su karce silinda. Muka tsiyaya baƙin mai haɗe da kananzir ta ramukan fulogi muka bar shi ya sha. Kowace yamma in sa shi a giya ta huɗu, in riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya a hankali. Kwanaki ba abin da ya motsa. Ran nan sai na ji ya ɗan saki, ba ƙara ba komai, taya kawai ta wuce inda take tsayawa.

Kafin nan mun sha kallo. Ɓeraye sun cinye soson sit, sun yi sheƙa a gidan matatar iska da ɓawon gyaɗa da tsummoki. Zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a cikin salansa ɗaya har ya toshe ta, sai da muka zura waya muna karkaɗewa. Tankin kuwa da na buɗe murfi wani wari ya buge ni, fetur ɗin da aka bari ya daskare ya koma jan danƙo, samansa kuma tsatsa. Na zuba tsofaffin notuna da kananzir na yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, sannan na cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, na ɗauraye da ruwan bakin soda, na shanya a rana. Da tsatsar ta fita sai ƙananan huji suka bayyana a gindinsa. Baffa ya hana a kai wa mai walda. Tankin da ya taɓa shan fetur, in ji shi, ko ya bushe akwai tururi a ciki, ga ƙarfen ya yi siriri wuta za ta cinye shi. Mai gyaran lagireto ne ya liƙe shi da dalma.

A kafireta na fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ramin jet ɗin sulo bai kai kaurin allura ba, ya toshe ƙam. Yaran gareji allura suke zura masa ko wayar birki, ramin ya faɗaɗa, daga nan babur ya yi ta shan mai yana baƙanta fulogi ba a san dalili ba. Baffa ya sa na warware wayar lantarki na zaro silin tagulla ɗaya, domin tagulla ba ta kai ƙarfin da za ta ci ramin ba. Sai na ɗaga jet ɗin sama ina leƙen rana ta cikinsa har haske ya fito zagayayye. Fulot ɗin ma, wato abin da ke yawo a kan fetur yana tsayar da shigarsa cikin kafireta, Baffa ya ce in kaɗa shi kusa da kunne. Na ji ruwa yana motsi a ciki, alamar ya huje, kuma da a haka muka mayar da shi da fetur ya yi ta ambaliya.

Sukurorin jikin injin nan wata fitina ce. Kansu gicciye ne, amma yankan Japan ne, ba daidai yake da sukundireban da ke kasuwa ba. Ka matsa da ƙarfi sai bakin ya zame ya cinye kan. Irin sukundireban da ake bugawa da guduma shi ne maganinsu. Da shi muka buɗe gefen dama muka kai ga matatar mai, wadda a wannan inji ba ta takarda ba ce, wani ɗan kofi ne da ke juyawa da inji yana wurga datti jikin bangonsa. Abin da muka kankaro a ciki kamar yumɓun tukwane. Ina zaton tun da babur ɗin ya fito daga kwali ba a taɓa buɗe wurin ba, ga shi Baba mutum ne da ba ya wasa da juyen mai.

Wuta ba ta ba mu wahala sosai ba. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa kwantak ɗaya ne da kwayil ɗaya mai wayoyi biyu. Muka goge kwantak, muka saita buɗinsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, bawul kuma 0.05 da inji a sanyaye. Abin da ya ci lokaci neman batir ne, don wutarsa bolt 6 ce, kasuwa kuwa yanzu ta koma 12. Mai wayarin ya so ya juya komai zuwa 12, na ce a bari tukuna.

Kayan gyara sai haƙuri. Wasu mun tsinto a Panteka a Kaduna, cikin tarin ƙarafan da sai ka durƙusa ka tona da hannunka. Robobi da gasket wani ɗan kasuwa ya sa aka aiko daga Nnewi. Ba duk abin da aka ce maka "zai shiga" ne yake shiga ba, don haka tsohon nake sakawa a aljihu in je da shi a gwada a gabana.

Inda ban saurari kowa ba shi ne taya da birki. Tayoyin suna da zane, har wani maƙwabci yana cewa asara ce a yar da su. Amma lambar ƙira da ke gefensu uku ce, kuma tun shekarar 2000 aka koma huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara. Roba ta bushe, farce ma ba ya shiga. Takalman birki kuma da na taɓa ɗaya da sukundireba sai fatar ta ɓalle daga ƙarfen. Ƙurar cikin gangar da jiƙaƙƙen tsumma na goge ta, ban hura ba, saboda birkin wancan zamani da asbestos ake yin sa kuma yana lahanta huhu.

Ranar tayarwa Baffa ya zo a Keke Napep ya zauna a benci. Bai bari an sa fulogi ba sai da na yi ta buga kik a banza, shi kuma ya buɗe murfin bawul ya sa yatsa yana jira. Sandar kam a wannan inji a kan alminiyum take juyawa kai tsaye, babu boris, in ta yi gudu a bushe kan injin ya tafi. Da ya ji danshin mai a yatsarsa ya ce, "To bismillah, ɗana." Injin ya yi tari, ya yi atishawa ta kafireta, sannan ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ragowar lakar zanzaro tana fitowa ta salansa. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai, ku fitar min da shi waje kada ku kashe min kaji."

Kulochi ya manne, sai da muka ware faifan muka jiƙa su a mai. Man ma na babur muka zuba, ba na mota ba, tunda kulochin a cikin mai yake wanka kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi.

Fenti ban taɓa ba. Yaya yana so a fesa masa sabo ya yi ƙyalli, ni kuma na ga inda gwiwar Baba ta goge gefen tanki ba abin rufewa ba ne. Na sabunta takardu, na sayi hular kwano, na fara da zagayen Samaru da Shika kafin na miƙa Funtuwa. A gudun kilomita 70 zuwa 80 a awa yake jin daɗinsa, in ka wuce haka madubi ya fara rawa, birkin ganga kuma yana so ka yi masa sallama tun daga nesa. Fitilarsa ta bolt 6 ba ta iya karawa da tirelolin hanyar nan, shi ya sa nake lissafin tafiyata in shigo gari kafin magariba. Murfin gefen hagu har yanzu babu shi, na bar sallahu wajen mutum biyu a Panteka.