Bargon ƙyallaye

Keken ɗinkina Butterfly ne, na ƙafa, wanda Inna ta bar mini, Allah ya jiƙanta. Duk atamfar da na yanko a Kantin Kwari ba na zubar da ragowarta, cikin jaka nake tarawa. Da hunturu ya matso sai na ce bari in haɗa wa autata bargo da su.

Na yayyanka su inci 5 kowane gefe, na sa tsohon zanin gado a tsakiya don ɗumi. Wahalar tana inda kusurwa huɗu suka haɗu: kauri ya yi yawa, allura ta karye mini har sau uku. Zare kuma ya cukurkuɗe ta ƙasa, in duƙa da reza ina farkewa, bayana kamar zai ɓalle. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani jan ƙyalle da ban jiƙa ba tukuna. Wankin farko ya zuba a kan farar shadda.

Daren da na shimfiɗa shi, yarinyar ta ɗora yatsa ta ce, "Mama, wannan rigar Sallata ce!" Kusa da shi kuwa guntun zanin Inna ne, shuɗi, wanda take zuwa unguwa da shi. Bayan ta yi barci na daɗe ina shafa wurin.