Jiniyar mota da ɗan majalisa

Laraba.

Daren jiya ban runtsa ba. Tun ƙarfe biyu jiniyar ɓarayi ta motata take tashi ita kaɗai, ko mage babu a kusa. Sau uku ina fita da tocila. Da asuba maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci da "sannu da gadi", na san magana ya yaɓa min.

Da hantsi na kai ta wajen mai rewaya. Ya leƙa ƙasan sitiyari, ya zaro wata jar waya da ɓera ya gaigaye, ya ce, "Alhaji, ɓarawonka ƙafa huɗu gare shi." Ina zaune a benci ina jira, na hau latsa waya don in ga su wa suka yi kuɗi da wannan masifa. Nan na ci karo da wani ɗan siyasar Amurka, Darrell Issa.

An haife shi a Cleveland a 1953, jikan 'yan Labanan ne ta wajen uba. Da a Kano kakansa ya sauka, da wataƙila yadi yake aunawa a Kwari. Yana ɗan shekara 17 ya bar makaranta ya shiga soja. A 1972 an tuhume shi da ɗan'uwansa da satar wata mota ƙirar Maserati, daga baya aka kori ƙarar. To wannan mutumin ne ya zo ya kuɗance da jiniyar hana satar mota mai suna Viper. Har muryar da ke cewa a matsa daga jikin mota, tasa ce aka naɗa. Na yi dariya har yaron shago ya waigo.

Kuɗi ya zauna, sai siyasa. A 1998 ya zuba wajen dala miliyan 10 na aljihunsa yana neman sanata a Kalifoniya, ko fidda gwani bai tsallake ba. A 2000 ya ci kujerar majalisar wakilai. Amma na 2003 ne ya fi tsaya min a rai. Shi ya ɗauki nauyin tara sa hannun da aka yi wa Gwamna Gray Davis na Kalifoniya kiranye, sama da dala miliyan ɗaya da rabi, da nufin ya gaje kujerar. Ana gab da rufe rajistar 'yan takara sai jarumin fim Arnold Schwarzenegger ya fito takara. Issa ya janye gaban 'yan jarida yana hawaye. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni dai ban ji tausayinsa ba, don ya riƙe kujerarsa ta majalisa, har ya shugabanci kwamitin bin diddigin gwamnati daga 2011 zuwa 2015 yana ta sa gwamnatin Obama a gaba.

Na ba mai rewaya labarin yana naɗe wayar da baƙin salatif. Bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, ni in na samu irin kuɗinsa, ko kansila ba zan nema ba."

A hanyar gida na tsaya na sayi tarkon ɓera biyu. Yanzu sha ɗaya saura, har yanzu shiru.