Na je Landan wankan jego, na ɓuge da leƙen cikin riguna

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kan keken ɗinki, kuma fiye da rabinsu kayan amare nake yi: na kamu, na dina, na buɗar kai. Don haka da 'yata ta haihu a Landan aka ce in je in zauna mata, abin da na fara cusawa a jaka bayan kuka da garin kunun kanwa shi ne tef ɗin awona. Maigida ya ce wa zan auna a can? Na ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga Kano na bi jirgi zuwa Abuja, daga nan awa shida da ɗoriya muka sauka filin jirgin Hitro na Landan. Kwana arba'in ban san Landan ba sai ta tagar kicin. Ruwan zafi, tawul, kukan jariri, sai yayyafin da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Da muka yi arba'in surukina ya ce, "Umma, ai bai kamata ki koma ba ki ga gari ba. Fadar sarki za a kai ki ko babban agogo?" Na ce ni dai in akwai inda ake ajiye tsofaffin riguna, can nake so. Suka kalli juna suka yi dariya.

Ranar Alhamis muka bar masa jaririn, ni da 'yata muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar South Kensington. Daga tashar akwai wani dogon rami da ake bi da ƙafa har gindin gidajen tarihi, ba sai ruwa ya taɓa ka ba. Gidan da muka nufa shi ne na Victoria da Albert, wanda aka kafa a 1852, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ban tsaya kallon gumaka da tangaran ba, na ce ta kai ni zauren tufafi.

Rigar da ta fara tare ni ta matan fada ce ta wajen 1750. Faɗinta daga ƙugu zuwa ƙugu ya kusa tabarmar sallah a kwance, gaba da baya kuwa a shafe kamar allo. Sai an karkace ake shiga ƙofa da ita. Na yi mata kallo ɗaya na wuce, wannan gini ne. Gaba kaɗan akwai aikin Charles Worth, Baturen Ingila da ya buɗe shago a Faris a 1858, wanda ya yi suna da ɗinka sunansa a cikin riga. Ashe ɗan ƙyallen nan da nake biya a buga mini in liƙa a wuyan rigar amarya yana da kaka.

Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban rigunan dare na shekarun 1930. Babu dutse, babu leshi, babu kwalliyar komai. Siliki ne kawai ya zubo daga kafaɗa, ya bi jiki, ya buɗe a ƙasa kamar an tsiyayo ruwa daga buta. Na zagaya gilashin ina neman inda aka tsuke ƙugu, ban ga tsukewa ba. 'Yata ta karanta mini allon: Madeleine Vionnet, Bafaranshiya, wadda ta rufe shagonta a 1939. Sirrin a yanka yake. Ba ta bin tsawon yadi ko faɗinsa, a karkace take ɗora almakashi, daga kusurwa zuwa kusurwa, inda zaren tsaye da na kwance suke sakin jiki. Duk tela ya san wannan miƙewar, ita ce a cikin siririn bayas ɗin da muke sayowa muna goge bakin wuya da shi. Amma a ce riga sukutum an yanka ta haka, ban taɓa kawo shi a raina ba. An ce a jikin 'yar tsanar katako take fara gwada yankan kafin a taɓa yadin gaske, kuma na ga dalili: kuskure ɗaya, siliki ya tafi.

Na matsa har numfashina ya yi wa gilashin hazo. Wani ma'aikaci ya yi gyaran murya.

"Umma, don Allah ja baya kaɗan."

"Ke, cikin nake son gani. Riga ai daga ciki ake saninta."

"To nan ba Kantin Kwari ba ne."

Sashen lokacin yaƙin duniya na biyu ya ba ni dariya da tausayi. Daga 1941 zuwa 1949 ba a sayen tufa a Ingila da kuɗi kaɗai, sai da takardar rabo. A shekarar farko kowa ya samu maki 66, rigar ulu guda tana cin 11. Har Gimbiya Elizabeth da za ta yi aure a 1947 sai da aka haɗa da takardun nan, gwamnati ta ƙara mata 200, kafin Norman Hartnell ya ɗinka rigar. A cikin wannan ƙuncin ne Christian Dior ya fito a Faris, watan Fabrairun 1947, da ƙugu ɗan mitsitsi da siket ɗin da wani yakan ci yadi ashirin. Turmi uku da ɗori ke nan a jikin mace ɗaya. Ba mamaki da wasu suka yi ta tsine masa. Ni kam zuciyata ba ta kwanta da su ba, don na san abin da ke ƙarƙashi: ƙarafa da tsumma mai tauri, irin wanda amarenmu yanzu suke roƙo a sa musu, su kasa cin abinci a wajen dinarsu, su kasa ruku'u.

Na fita da ƙishirwa. Ido ya sha, hannu bai taɓa ba. Surukina ya ce maganin wannan kasuwar Portobello ce ranar Asabar.

Muka yi sammako muka sauka a Notting Hill Gate, muka bi ayarin mutane gangare. Farkon titin masu kayan da ne: cokulan azurfa, agogon aljihu, kyamarori. Can ƙasa, kusa da gadar sama, nan masu tsofaffin tufafi suke. Kada a ce gwanjo. Gwanjo dila ake farkewa a zube. Nan kowace riga da 'yar takardarta, an rubuta zamaninta da kuɗinta, kuma kuɗin na iya sa ka salati.

A rumfa ta farko ban ji daɗi ba. Na kai hannu kan wata riga mai duwatsu, mai rumfar ya daka mini tsawa kamar na taɓa wuta. Na bar masa kayansa. Rumfa ta uku wata dattijuwa ce mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Ta ga yadda na juya bakin wata riga ina duba kalmasa, ta tambayi 'yata ko ni tela ce. Shi ke nan, zance ya ɓarke, 'yata na tafinta har ta gaji.

Ita ta fahimtar da ni abin da ya sa wancan ya yi ihu, ko da yake bai iya baki ba. Rigunan rawa na shekarun 1920 ba a rataye su. Ta jawo wani faffaɗan kwali, ta buɗe takarda mai laushi, ga baƙar riga miƙaƙƙiya, ba ƙugu ba hannu, an lulluɓe ta da ƙananan duwatsun gilashi. Ta ce in sa hannu biyu a ƙarƙashi. Nauyinta ya ba ni mamaki, yadin kuwa shara-shara kamar gidan sauro. In aka rataye, nauyin duwatsun ne zai yage kafaɗa. Na juya cikin. Kowane layi da zare aka bi shi, ƙulli nan ƙulli can, don in ɗaya ya tsinke kada sauran su zube. Na tuna bindigar gam da ke kan teburina, da duwatsun da ake sharewa a zauren biki washegari, na yi shiru. Ta ce wasu 'yan ƙyalƙyalin na wancan zamani ma da wani abu mai kamar ƙaro aka yi su, ruwa ko zafi na narkar da su, har akan samu riga da sawun tafin hannun abokin rawa a bayanta.

Ta koya mini karanta shekarun riga: zif na ƙarfe a gefe maimakon na roba a baya, bakin ɗinki da aka yanka da almakashi mai haƙora ko aka bi da hannu, babu wibin, babu takardar yadda ake wanki. Abin da ya fi burge ni shi ne rarar yadin da suke bari a ciki, kusan yatsa uku. Mai riga ta yi ƙiba a buɗe, ƙanwarta ta gada a rage.

Sai tarkacen da ke tafiya da rigunan. Safar hannu ta fatar ɗan akuya mai wuce gwiwar hannu, da maɓallai uku a wuyan hannu, don in an zo cin abinci mace ta zare tafinta kawai ta cusa yatsun safar ciki. 'Yan jakunkuna na saƙar ƙarfe da ba za su ɗauki wayar yanzu ba. Wani mayafi mai nauyi na raga da aka dandaƙa wa siraran ƙarfe, aikin garin Asyut na Masar, wanda matan Turai suka yi yayinsa a shekarun da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun, 1922.

Daga nan ta buɗe wani dogon akwati, na ce, "La ilaha illallahu, figini!" Mafici ne na gashin jimina, an rina shi ruwan hoda. Na ce wa 'yata ta gaya mata a garinmu sarki ake yi wa fifita da wannan, har takalmin gashin jimina yake sawa. Dattijuwar ta ce nata dai daga Afirka ta Kudu gashin ya fito. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na komawa gida surukina, da ya biyo mu daga baya, ya ba ni sauran labarin. Kafin a fara kiwon jimina a can, gashin da ya fi daraja a kasuwar Landan ta Sahara yake bi, daga ƙasashenmu zuwa Tarabulus a bayan raƙuma. A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo mutane har Kano da wajen Damagaram neman irin wannan jiminar, suka koma da fiye da ɗari a 1912. Ba su ci moriyarsu ba: a 1914 kasuwar gashin ta rushe, ga yaƙin duniya na ɗaya, ga mota mai buɗaɗɗen sama da ba ta barin hular gashi a ka.

Fam 180 ta sa wa maficin. Na buga shi da naira a zuci, na mayar mata da abinta cikin ladabi. Abin da na saya yana cikin kwandon da ke ƙarƙashin tebur, inda take zuba waɗanda suka lalace: rigar siliki ruwan madara ta shekarun 1930, da tabo a gaba, hammata ɗaya ta ruɓe. Fam 25.

"Umma, wannan tsumman fa? Wa zai sa?"

"Ba sawa za a yi ba."

Mako biyu da dawowata Kano na shimfiɗa ta a kan teburin yanka, na ɗauki reza na bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Gida takwas ta fita, babu mai kusurwa huɗu daidai a cikinsu. Na kwafe su a takardar siminti, na gwada da wani satin mai araha. Na farko ya yi tsawo a gefe ɗaya kamar an ja shi, sai na tuna dattijuwar ta ce a rataye riga ta kwana kafin a yi kalmasa, yadin ya gama saukowa. Na biyun yana rataye a ƙusa tun jiya da la'asar, na kuma gaya wa yaran shago duk wanda ya taɓa shi ni da shi ne.