Burtsatse nawa ne ke aiki a ƙauyenku?

Duk wanda ya saba bin ƙauyukanmu na Katsina ko Jigawa ko Zamfara a watan Maris da Afrilu ya san abin da zan faɗa. Za ka ga famfon tuƙa-tuƙa a bakin gari, ga allo an rubuta sunan wanda ya kawo aikin, amma hannun famfon ya saki, simintin ya tsage, awaki ne ke kwance a kai. Gaba kaɗan kuma 'yan mata ne da jarkoki a cikin ƙoramar da ta ƙafe, sun tona yashi suna jira ruwa ya ɗan taru su kwarfa da ƙoƙo.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba wai ba a haƙawa ba ne, ana haƙawa wallahi. Tun DFRRI, hukumar raya karkara ta zamanin Babangida a 1986 ake haƙa, PTF ma, wato asusun rarar kuɗin man fetur, ta yi nata lokacin Abacha, yanzu ga RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara, a jihohi, ga UNICEF da ƙungiyar agaji ta WaterAid, ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, har a watan Nuwamban 2018 Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. Kuma inda ruwa mai kyau ya isa an ga amfaninsa, manyanmu sun tuna yadda kurkunu ke kwantar da magidanci a tsakiyar damina gonarsa ta mutu da ciyawa, a 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da ita a Najeriya, zuwa 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita.

Matsalar tana wajen gyara. Tsarin ruwa na ƙasa da aka fitar a 2000 ya ɗora mafi yawan kuɗin haƙa a kan gwamnati, sannan ya bar wa mutanen gari mafi yawan nauyin kula da gyara. Sai a kafa kwamiti, a zaɓi shugaba da ma'aji, a ce kowane gida ya riƙa ba da ɗan wani abu, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. To ran da famfon ya tsaya fa? Galibi abin da ke lalacewa a famfon tuƙa-tuƙa irin India Mark II ɗin nan ɗan ƙaramin abu ne, robar da ke cikin silinda can ƙasa ko sarƙar da ke kai, amma kafin ka kai ga robar sai an zaro bututu ɗaya bayan ɗaya da sandunan ƙarfe, sai mai gyaran da ya iya da kayan aikinsa, kuma robar kanta sai an je birni, ga kuɗin mota ga kuɗin mai gyara, in kuma abin ya faɗo a watan Yuli ko Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa wa zai iya karo-karo? Haka za a ce sai kaka, kafin kaka bututu sun yi tsatsa. Na sola ma da ake yayi yanzu, in injin ya ƙone ko aka sace farantan, kuɗin ya fi ƙarfin kwamiti nesa ba kusa ba. Wasu kuma tun farko ba a yi awon ƙasa da kyau ba, yankinmu da yawa dutse ne a ƙasa, ruwan a cikin tsaga yake, sai a haƙa inda mai unguwa ko ɗan siyasa ya nuna, rani na yi ya ƙafe.

Masu tsara manufa suna maganar ruwan sha ne kawai, alhali a ƙauye ruwa jari ne. Mai awara sai ta jiƙa waken suya, ta markaɗa, ta tace, jarka ɗaya ba ta kai ta ko'ina. Mai fura, mai ƙosai, mai kiwon rago don babbar sallah, matasan da ke buga tubali da rani maimakon tafiya ci-rani, duk da ruwa suke. In famfo ya mutu sai saye a wajen 'yan garuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu burtsatsen janareto suka ƙara kuɗi, ribar mai awara a jarka take ƙarewa. Wadda ba ta iya saye kuma 'yarta za ta tura, yarinyar ta isa makaranta bayan an yi nisa ko ta fasa zuwa gabaɗaya. Makiyayi ma da ya rasa mashaya dole ya gangara fadamar da aka yi lambu, kun san abin da ke biyo baya.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomi, tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kafin a haƙa sabo a fara zagayawa a ƙirga matattu. A koya wa matasa biyu ko uku gyara a kowace gunduma, a ba su kayan aiki da babur, a samu shago a kasuwar mako-mako da zai ajiye roba da sarƙa da bututu, babban gyara irin na injin sola kuma ƙaramar hukuma ta sa shi a kasafinta duk shekara.