Shagon Kawu

Da azumin bana edita ya tura ni babbar kasuwar Garwa, rahoto kan masu ɓoye sukari har farashi ya tashi. Muna kafa kyamara sai na ga ashe sito na biyu na Kawu ne, wanda ya biya mini kuɗin karatu a Jami'ar Ngaundere, sefa dubu 50 duk shekara. Gumi ya karyo mini.

Na kira edita na gaya masa gaskiya, ya turo abokiyar aikina. Rahoton ya fita bayan isha'i.

Ni na ɗauka na wanke hannuna. Inna kuwa cewa ta yi, "Amfaninka me a gidan talabijin ɗin, tunda ba ka iya rufa wa ɗan'uwana asiri ba?" Ranar sallah na je gaishe shi, ya amsa yana danna waya.