Tarhon da Ya Girme Ni, Wanda Har Yanzu Yake Ƙara a Falona

Akwai wani baƙin tarho a kan ƙaramin tebur a falona, ƙirar kamfanin Western Electric, samfurin da ake kira 500, kuma tambarin da ke ƙarƙashinsa ya nuna cewa an ƙera shi a 1957. Nauyinsa ya kai kusan kilo biyu. Duk baƙon da ya shigo yakan ɗauka kayan ado ne na ajiye, har sai lokacin da aka kira ni, ƙararrawar tagulla guda biyu da ke cikinsa suka kaɗa, sai ka ga mutum ya zabura yana waige-waige. Da wannan tarhon nake amsa yawancin kiran da ake yi mini idan ina gida, kuma da shi nake kiran mutanen da na haddace lambobinsu.

Masu tara tsofaffin tarho sun kasu gida biyu, ko da yake ba kasafai suke faɗin haka a fili ba. Akwai waɗanda suke goge abin ya yi ƙyalli, su jera shi a cikin kabad mai gilashi, ba sa yarda ko yatsa ya taɓa shi. Akwai kuma waɗanda ba sa samun natsuwa sai sun ji abin ya yi ƙara kuma murya ta fito daga cikinsa. Ni ina cikin kashi na biyu, kuma ban ga laifin na farkon ba idan abin da ke hannunsu na katako ne mai rauni, irin na shekarun da suka biyo bayan 1876, lokacin da Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasaharsa. Amma tarhon da aka ƙera da yawa domin hidimar gida, a ganina zaman kabad ɓata shi yake yi, domin sifirin ɗinsa yakan sandare, maiƙon cikinsa ya daskare, ƙura kuma ta kwanta a kan ƙarafan da ke haɗa wuta.

Dalilin da ya sa waɗannan na'urori suka yi ƙarko har suka kawo yau ba ɓoyayye ba ne. A Amurka, shekaru masu yawa, mutum ba ya sayen tarho. Kamfanin Bell ne yake da shi, yana ba da shi haya tare da layi, kuma idan ya lalace kamfanin ne zai tura ma'aikaci ya gyara da kuɗinsa. Wanda zai biya kuɗin gyara kuwa ba zai ƙera abu mai saurin lalacewa ba. Sai bayan hukuncin da hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke a 1968 a kan wata na'ura mai suna Carterfone aka fara buɗe ƙofar haɗa na'urorin wasu kamfanoni da layin, kafin a rarraba kamfanin Bell gida-gida a 1984. Samfurin 500, wanda ofishin mai zane Henry Dreyfuss ya tsara siffarsa kuma aka fito da shi a 1949, ɗan zamanin hayar ne, domin kamfanin Bell ne Western Electric yake ƙera wa tarho. Haka abin ya kasance a wancan lokacin a Birtaniya, inda hukumar gidan waya ta fito da samfurin 706 a 1959 da 746 a 1967, da kuma Jamus mai samfurin W48. Idan ka kwance murfin tarhona, za ka tarar an buga wata da shekara a jikin sassa da dama, har a kan abin magana da abin sauraro, wanda hakan yake nuna ko an taɓa sauya wani sashe a wani gyara da aka yi tun kafin a haife ni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jikin tarhon shi ne faifan nan mai ramuka goma da ake juyawa da yatsa. Lokacin da kake jan faifan zuwa ƙarfen da ke tsayar da yatsa, ba ka aika komai ba tukuna, sifirin kawai kake ɗaurewa. Sai ka saki ne aikin yake farawa: faifan yana komawa da kansa, yana katse layin yana haɗawa, sau goma a cikin daƙiƙa guda. Lamba 3 katsewa uku ce, lamba 7 bakwai, sifili kuma goma, shi ya sa ya fi kowace lamba daɗewa. Na'urar da ke can cibiyar haɗa kira ƙirga waɗannan katsewar take yi tana matsawa mataki-mataki, dabarar da Almon Strowger, mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, ya yi wa rajista a 1891, aka kuma fara amfani da ita a garin La Porte na jihar Indiana a 1892. Ba kowace ƙasa ce ta bi ƙirga ɗaya ba. A Suwidin sifili katsewa ɗaya ce, lamba 1 kuma biyu, a New Zealand kuwa jerin ya juya baya, don haka wanda ya sayi tarhon ɗaya daga cikin ƙasashen nan ya haɗa shi a wani wuri, zai yi ta kiran mutanen da bai nufa ba har ya gano dalili.

Matsalar mai son amfani da irin wannan tarho a yau daga nan take farawa. Tun daga 1963, lokacin da kamfanin Bell ya fara tarho mai maɓallai a jihar Pennsylvania, aika lamba ya fara komawa ta hanyar sauti, kowane maɓalli da haɗin sauti biyu nasa. Tsofaffin cibiyoyi sun daɗe suna karɓar hanyoyin biyu, amma yanzu da kiran gida ya koma bi ta intanet, da yawa daga cikin akwatunan da ake ba mutane sauti kawai suke ganewa. Hanyoyin da masu tarawa suke bi guda uku ne a mafi yawan lokuta: ko a sa ƙaramar na'ura a tsakani mai mayar da katsewa zuwa sauti, ko a nemi adaftar intanet wadda take gane katsewar da kanta, ko kuma a yi amfani da akwatin da ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth, ta yadda duk kiran da ya shigo salular sai tsohon tarhon ya yi ƙara. Ta ukun nake amfani da ita, kuma ban isa gare ta ba sai da na yi asara. Adaftar da na fara saya, wadda mai sayarwa ya rantse mini za ta yi aiki, tana karɓar kira amma ba ta fitarwa, ƙararrawar kuma sai dai ta yi wata 'yar karkarwa kamar mai jin sanyi. Daga baya na fahimci cewa ƙararrawar ƙarfe tana bukatar wuta mai kai-da-komo ta kusan bolt 90, mai juyawa sau 20 a daƙiƙa bisa tsarin Amurka, alhali wayoyin zamani ɗan abu kaɗan yake sa su kuka, don haka masu ƙera adafta ba duka suke damuwa da ba da wannan ƙarfin ba.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Faifan yana jan jiki wajen komawa, sai na ɗauko man feshi na fesa masa a ciki, ina ganin na yi dabara. A bayan faifan akwai wani ɗan ƙaramin birki, ƙarafa biyu masu buɗewa idan gudu ya yi yawa su goga da jikin wani ƙoƙo, kuma wannan gogayyar ce take riƙe gudun a kan goma a daƙiƙa. Da mai ya shiga wurin sai birkin ya daina kamawa, faifan ya riƙa komawa a guje, akwatin kuma ya kasa ƙirgawa daidai. Na shafe yammaci guda da ƙaramar sukundireba da auduga ina wanke abin da na zuba da hannuna. Ƙa'idar da na koya ita ce, a ɗiga mai mara kauri a kan sandunan da haƙoran ke juyawa a kai kawai, birkin kuma a bar shi a bushe. Gwajin ba shi da wuya: ka ja sifili ka saki, idan ya koma cikin daƙiƙa ɗaya ko ɗan sama da haka, lafiyarsa ƙalau.

Muryar ma tana da nata hali. Abin magana na waɗannan tarho garin gawayi ne a cikin ɗan ƙaramin gwangwani, wanda sautin bakinka yake matsawa yana saki, wutar da ke ratsa shi tana ƙaruwa tana raguwa. Idan ya daɗe a ajiye sai garin ya dunƙule, mai sauraro ya ce yana jin ka kamar daga cikin rijiya. Maganinsa shi ne a kwance murfin, a ciro gwangwanin, a ɗan bubbuga gefensa a kan tebur. Wasu suna cire shi su sa na lantarki na zamani, kuma na yarda muryarsu ta fi fita tas, amma ni na bar nawa yadda yake, domin wannan ɗan kaurin da yake ba murya yana cikin abin da na nema tun farko.

Yadda ya sauya zaman gidan ne ban yi tsammani ba. Ranar da na fara haɗa shi, ƙaramin ɗana ya zura yatsa a cikin ramin lamba yana dannawa, da ya ga shiru sai ya ce, "Baba, wannan ai ta mutu." Na kama yatsansa na ja faifan tare da shi, yanzu kuwa ya haddace lambar kakarsa saboda tarhon ba ya ajiye suna. Igiyar da ke haɗe da kan tarhon ba ta da tsawo, don haka dole mutum ya zauna wuri ɗaya ya yi magana, ba ya yawo, ba ya duba saƙo a tsakiyar hira, kuma na lura cewa ina sauraron mutane fiye da da. Akwai wahalarsa kuma, wadda ba zan ɓoye ba. Ba ka sanin wanda yake kira sai ka ɗaga. Lamba mai tsawo takan ci kusan rabin minti, idan yatsa ya zame a ta ƙarshe sai a sake daga farko. Babu alamar tauraro (*) ko ta tsani (#) a faifan, saboda haka duk inda na'ura take amsawa tana cewa a danna kaza, sai na koma ga salula. Uwargida ta amince da zamansa a falo bisa sharaɗi ɗaya, cewa a rage ƙarar da dare, kuma an yi sa'a akwai ɗan faifai a ƙarƙashinsa da aka yi domin haka.

Wani abu da nake gargaɗin sababbin shiga a kansa shi ne batun wuta. Tsohon layin jan ƙarfe yana ɗauke da wutarsa, kusan bolt 48 daga manyan batura da ke cibiya, shi ya sa tarho yake aiki ko da wutar gida ta ɗauke. Adafta ba ta da wannan. Idan wuta ta tafi, ita ma ta tafi. Ƙasashe da dama suna rufe tsohon layin, a Birtaniya ma kamfanin sadarwa na BT ya sa watan Janairu na 2027 a matsayin wa'adi, don haka wanda yake da tsoho ko mara lafiya a gida kada ya dogara da wannan tarho shi kaɗai wajen kiran gaggawa, ko kuma ya tanadar wa adaftar batir.

Waɗanda abin ya shiga jininsu sosai sun wuce inda nake. Wasu suna sa ƙaramar cibiya a gida, kowane ɗaki da tarhonsa da lambarsa, har akwai wata hanyar sadarwa ta masu tarawa da ake kira C*NET, wadda take haɗa tsofaffin cibiyoyin da mutane suka ceto suka girke a gidajensu. Wasu kuma suna haɗa tarho biyu masu hannun da ake murzawa a kaɗa ƙararrawa, da waya guda biyu da batir, irin tarhon da garin Bryant Pond na jihar Maine ya riƙe har zuwa 1983. Ni abin da ke kan teburin gyarana yanzu shi ne dogon tarhon nan mai tsayuwa kamar kyandir, wanda ake magana a samansa ana riƙe abin sauraro a kunne. Sai da na kawo shi gida na gane cewa irinsa ba ya ɗauke da ƙararrawa a jikinsa, tana cikin wani akwati ne dabam da ake kafawa a bango, kuma wata na huɗu ke nan ina neman akwatin da zai dace da shi.